Kawu ya kawo min otokolan mai araha, yanzu allon da na yi yana ɓarewa

"Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Ni matashi ne a Garwa ta Kamaru, na yi shekaru ina koyon rubutun allo da yankan otokolan, wato ledar nan mai gam da ake yanka haruffa a manna a allo, a wajen maigidana, bara na fita na buɗe nawa ɗan shagon. Yayata ce ta ɗauki adashenta ta bani jari, na sayi injin yanka na hannu da kwamfuta na biya haya. Da aka zo maganar kaya sai kawunmu, ƙanin Inna, da yake yana fatauci Mubi da Kano, yace kar na wahalar da kaina shi zai riƙa kawo min. Ya kawo rulo takwas da araha sosai, amma ko wata uku ba a yi ba allon wani mai famasi ya fara ɓarewa ta gefe, jan kuma ya koɗe, mutumin ya zo har shago ya min faɗa gaban jama'a. Yanzu kawu yace in haɗo kuɗi zai sake tafiya nan da sati biyu, ni bana so amma ina jin nauyinsa, in na ƙi maganar zata kai gaban Inna. Tsohon maigidana yana da kaya mai kyau amma tun da na bar wajensa gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Ga wani kuma na haɗu da shi a Facebook yace yana Duwala yana shigo da kaya daga Sin, zai bani a rabin kuɗi in na tura duka ta waya. Abin da ya rage min sefa dubu 400 ne, kuma yayata bata san an samu matsala ba. Ina zan sayi kaya, kuma ya zan yi da kawu?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa shagon albarka, ya saka wa yayarka da alheri, mace ta ɗauki adashenta kacokan ta miƙa wa ƙani ba ƙaramin abu bane kuma na san nauyin wannan ne ke hana ka barci fiye da ledar kanta. Amma ka natsu, allo ɗaya ne ya ɓare, inji na aiki, dubu 400 na hannunka. Abin da nake ji maka tsoro shine sayen na biyu, don yanzu kana gab da yinsa ta ɗayan hanya biyu, ko ka miƙa wa kawu saboda kunya ko ka tura wa mutumin Facebook saboda kwaɗayin rabin kuɗi, kuma duk biyun sayen abin da baka sani ba ne.

Mu fara da kawu tunda shi ne ya fi tsaya maka a rai. Ni ban ga alamar cuta a abin da ka rubuta ba. Ka tuna me ka ce masa lokacin da zai tafi, ina kyautata zaton cewa kayi a kawo fari da baƙi da ja da shuɗi, shikenan. To ɗan kasuwa in aka bashi saƙo haka me zai yi, zai shiga kasuwa ya taya ya taya har ya samo wadda tafi kowacce sauƙi ya dawo yana jin ya yi maka gata, don a sana'arsa wannan shine iyawa. Shi bai san cewa otokolan iri-iri bace ko da a ido duk ɗaya suke, kai ne ka yi shekaru a gindin inji, kai ya kamata ka rubuta masa.

Akwai wadda ake murza robar tsakanin manyan ƙarafa masu zafi har ta yi faɗi ta yi siriri, ita ake ce wa kalanda, tana da araha amma da yake da ƙarfi aka miƙe ta, in ta sha zafi sai ta riƙa komawa baya, shi yasa zaka ga gefen harafi ya tsuke ya bar layin gam da ƙura ta manne ya yi baƙi. A cikin kalandar ma akwai monomerik, ita ce ta ƙasa, ta aikin ɗan lokaci ko na cikin ɗaki, akwai polimerik wadda tafi jure rana. Sai ta sama wadda ake zuba ta tana ruwa-ruwa ta bushe a shimfiɗe, a Duwala zaka ji ana ce mata kule, a Kano kas, bata tsukewa sosai kuma tana bin lanƙwasar jikin mota, ita ce mai tsada. Kamfanonin da suka san abin da suke yi lamba suke saka wa kowane iri. Ɗauki Oracal na kamfanin ORAFOL da ke Jamus, 641 ita ce mai sauƙi, 651 matsakaiciya, 751 kas ce, 8500 ta akwatin da ake kunna wa fitila a ciki ce don haske na ratsa ta, 631 kuma marar ƙyalli ce mai gam ɗin da ake iya cirewa, ta cikin ɗaki. A takardarsu 641 na yin shekara 3 zuwa 4, 651 wajen 4 zuwa 5, 751 har 8, amma fa da yanayin tsakiyar Turai aka yi wannan lissafin kuma allo a tsaye, ba ranar Garwa ta Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba, ballantana kwanon da ya yini yana kallon yamma. Don haka kar ka taɓa yi wa mai aiki alƙawarin shekarun da ke jikin takarda, ka rage da kanka. Akwai Avery Dennison da 3M da Mactac da Hexis na Faransa, kowanne da nasa lambobin. Kuma kar ka ɗauka duk kayan Sin banza ne, akwai masu kyau a ciki, matsalar rulon da ba suna ba lamba ne, don in ya yi kyau baka san me zaka sake nema ba, in ya ɓaci baka san me zaka guje wa ba.

Kafin ka ɗora wa kayan kawu laifin duka, ka binciki hannunka ma. Allon mai famasin nan, kwana nawa fentin ya yi kafin ka manna? Fentin mai in bai gama bushewa ba yana ci gaba da fitar da tururi a ƙarƙashin ledar ya kashe gam ɗin, ko 751 ka saka zata kumbura. Da me ka goge kwanon, in da kalanzir ne ko fetur to sun bar maiƙo, alkol ake so, wato sifirit na goge abu. Da tsakar rana ka manna kwano na ƙuna, ko lokacin hunturu ƙura na sauka kana aiki a bakin titi? Koɗewar jan kam daga kayan ne, ja dama shi ke riga sauran launuka mutuwa a rana kuma na araha ya fi saurin tafiya, amma ɓarewa ta gefe zata iya zama rabi kayan rabi aikin. Ba don in kare kawu nake faɗa ba, don kar ka kashe kuɗi ka sayo mai tsada ka sake ganin abu ɗaya ne.

Ga abin da zaka yi yau ɗin nan, tunda kana da sati biyu kafin tafiyarsa. Samu guntun kwano mai tsohon fenti, goge shi da alkol, yanko murabba'i na santimita 10 daga kowane rulon kawu ka manna, ka nemi guntaye na kayan da ka yarda da su ka manna a gefe, ka zagaye kowanne da biro daidai bakinsa, ka tsaga tsakiyarsa da reza tsaye da kwance, ka rubuta kwanan wata ka ɗora a kan rufi inda rana ke duka. Sati biyu bazai nuna maka koɗewar shekara ba amma zai fara nuna tsukewa, wadda tsagar ta buɗe baki ko ta janye daga layin biro ka san matsayinta. Ka kuma yanka ƙananan haruffa ka gani ko suna tsinkewa wajen tsince su. Duk wani sabon kaya da zaka saya nan gaba, daga ko waye, sai ya hau wannan kwanon tukun.

Da wannan kwanon zaka je wajen kawu, a gida, kai kaɗai, ba a shago ba kuma ba gaban Inna ba. Ka fara da godiya don ya cancance ta, ya ɗauko maka kaya daga wata ƙasa. Sannan kace, Kawu ashe abin nan lamba gare shi kamar kayan gyaran mota, ni ne ban rubuta maka ba, dubi yadda rana ta yi da wannan ta bar wannan. Ɗan kasuwa yana gane abin da ya gani da ido fiye da dogon bayani, kuma ka bar masa ƙofar fita da mutuncinsa tunda ba ka ce ya sayo banza ba. Daga nan kace wannan karon jari ya yi ƙasa, rulo ɗaya ko biyu kawai zaka iya, ga suna ga lamba ga faɗi ga tsawo a rubuce, in ya isa shagon ya kira ka da bidiyo ka ga kwalin da tambarin da ke bayan takardar ledar kafin ya biya, in babu wannan lambar ya dawo da kuɗin kar ya sayo madadinta. Kaga bai fita daga harkar ba, ya zama mai ɗauko kaya, zaɓe kuma ya dawo hannunka. Ka sa masa ɗan ladan ɗawainiya a kan kowane rulo ko da zai ce a bari, abin da ake biya ana iya gyara shi, alfarma kuwa sai dai a haɗiye. In kuma ya ji haushi duk da haka, to ka riga shi zuwa wajen Inna ka yi mata bayani da kanka cikin ladabi, kace kuɗin ba naka bane na Yaya ne amana, uwa zata fahimci wannan.

Abin da ya rage a rulo takwas ɗin kuma ba asara bane. Ka ware su don aikin da ba a so ya daɗe, sanarwar biki, walima, rubutun gilashi na cikin shago, ado na Sallah, allunan maci na 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu da ake amfani da su yini ɗaya a ajiye. Ka gaya wa mai aikin gaskiya cewa wannan ta ɗan lokaci ce ga farashinta, ga kuma mai daɗewa ga nata farashin, ya zaɓa.

Sai maigidanka. Gaskiya a duk mutanen da ka lissafa shi ne ya fi kowa amfani gare ka yanzu kuma shi ka fi gudu. Ka sa kanka a matsayinsa, yaro ya koyi aiki a hannunka ya fita ya buɗe irin shagonka a gari ɗaya, ko mai kyakkyawar zuciya ne sai ya ji wani abu, musamman in fitar bata bi hanya ba. Ka yi sallama yadda ya kamata kuwa, ko dai ji ya yi a gari ka buɗe? In akwai gyara a nan ka nemi dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa ku je tare da ɗan goro, ka nemi albarkarsa, ranar kar ka yi maganar kaya ko kaɗan. Bayan kwana biyu ka koma da kuɗinka a hannu kace a yanka maka mita biyar ko goma. Saye da mita ya fi saye da rulo tsada, eh, amma a wannan matakin shine ya fi maka, don sai aiki ya zo ka karɓi kafin alƙalami sannan ka sayi daidai abin da aikin ke ci, kuɗinka bai kwanta a launin da ba a tambaya ba. Kar ka nemi bashi kuma kar ka tambaye shi a ina yake sarowa, wannan sirrin kasuwarsa ne, in ya ga dama wata rana shi zai ce ka kawo kuɗinka a haɗa oda. In ya ƙi sayar maka, ka ci gaba da gaishe shi ka nemi wani mai shagon a Garwa ko Marwa ko Ngaundare, ba shi kaɗai ke da kaya ba.

Mutumin Facebook kuwa kar ka tura masa duka, ko rabi ma kar ka tura yanzu. Ba na ce ɓarawo bane, amma rabin kuɗi a kayan da kowa da dala yake sarowa abin tambaya ne, ko dai jabu ne da aka buga wa tambari, ko tsohon kaya ne da ya kwana a sito, don ita ledar ma tana da wa'adi, masu yinta shekara 2 suke bata a ajiye kuma a wuri mai sanyi wajen digiri 20, ko kuma babu kayan gaba ɗaya. Muna da 'yan uwa cike da New Bell a Duwala, ba zaka rasa ɗan unguwarku ko direba da ka sani ba, ka nemi mutumin ya faɗi inda shagonsa yake a je a gani da ido. In akwai shago, ka sayi rulo ɗaya, wanda ka aika ya biya a can ya karɓi faktir, wato rasit, ya kai ajans, kamfanin motar da zai kawo maka, da kansa. In ya fara cewa kayan na tashar jirgin ruwa sai ka turo na fito da su, ko yace yau ne kawai farashin, ka rufe maganar. Odar kai tsaye daga Sin kuma ka ajiye ta tukun, masana'anta da yawa-yawa suke sayarwa, jirgin ruwa zuwa Duwala da fitarwa da hawowa arewa watanni ne, dubu 400 bazata iya zaman jira haka ba.

Kano ko Duwala, wanne ya fi? Kar ka yanke da farashin da aka faɗa maka a waya. Tun da gwamnatin Najeriya ta saki naira a Yunin 2023 ta faɗi, mai sefa yana ganin komai na can kamar kyauta, amma otokolan ba a Kano ake yinta ba, ta Legas take shigowa da dala, don haka farashinta na bin dala yana hawa. Kuma Najeriya bata cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka da Kamaru ke ciki, kayan da ya tsallako akwai duwan a kansa, wato kuɗin kwastan, wanda ya shigo ba takarda kuma ana iya riƙe shi a hanya. Na Duwala an riga an biya masa wannan har da harajin TVA na 19.25 cikin ɗari, saura kuɗin hawowa, ko ta mota ko ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan mota. Ka haɗa kuɗin kaya da canji da mota da duwan da ladan kawu, ka raba da yawan murabba'in mita. Rulo mai faɗin 1.22 da tsawon mita 50 murabba'in mita 61 ne, mai faɗin 0.61 kuma 30.5. A nan ake shan mutane, wani rulon yadi 50 ne ba mita 50 ba, yadi 50 kuwa mita 45.7 ne, kaga sama da mita huɗu sun tafi kana murna ka samu sauƙi. Ka tambaya a fili kafin a biya. Sannan ka duba bakin injinka, in ƙarami ne na santimita 60 da ɗoriya ka sayi rulon da zai shiga, ko a raba maka babban gida biyu a can inda suke da abin yankan, kar ka zo kana fama da zarto a shago.

In ni ne da dubu 400 ɗin nan, abin da zai tafi kan otokolan bazai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Fari da baƙi masu kyau su ne zaka iya saye da rulo don kullum suna tafiya, sai ja da shuɗi da kore da rawaya da mita, koren ma ka ɗan ƙara don famasi da islamiyya da masallatai duk shi suke nema. Launukan da sai jefi-jefi ake tambaya, ruwan gwal, azurfa, mai ƙyallin dare, ku haɗu ku biyu ko uku masu ƙananan shaguna ku sayi ɗaya ku raba. Kar ka manta da ƙananan abubuwan da in babu su aiki ya tsaya cak, tef ɗin ɗaukar haruffa, raklet na danne leda wajen mannawa, alkol, da wuƙaƙen inji, mai digiri 45 ta aikin yau da kullum mai 60 ta kaya mai kauri, ka ajiye na ko-ta-kwana don wuƙa in ta dakushe ko leda mai kyau sai ta yage. Ka sa regilater mai daidaita wuta da ondiler mai riƙe wuta in an ɗauke a kan inji da kwamfuta, wuta ta ɗauke ana tsakiyar yankan mita uku kayan ya tafi kenan. Bash kuwa, wato babbar ledar da ake buga talla a kai a rataye, kar ka saye shi ka ajiye tunda baka da injin bugawa, ka tsara a kwamfutarka ka kai wa masu babban inji su buga maka da mita ka ɗora ribarka, ka dai tambayi nauyinsa, mai giram 440 ya ishi yawancin aiki, mai 510 ya fi jure iska. Farantan da ake manna rubutu a kansu irin su forex da dibon ma sai aiki ya zo. Ragowar kuɗin ka bar shi na haya da na aikin da zai faɗo ba shiri, Satumba na zuwa makarantu zasu buɗe.

In kayan ya iso kar ka jibge shi a ƙasa wani kan wani, gefen da ya danne zai yi tabo. Ka tsayar da rulo a cikin kwalinsa ko ka rataye shi a sanda ta tsakiya, nesa da bangon da rana ke duka da kuma ƙarƙashin kwano kai tsaye, ka rufe da leda saboda ƙura. Wajen aikowa ma ka roƙi yaran mota kar a ɗora masa buhu kuma kar a bar shi a saman mota ba rufi, ko da zaka ƙara musu wani abu.

Yayarka kuma ka gaya mata a wannan satin, kafin ta ji a bakin wani, mai famasin nan gaban jama'a ya yi faɗan kuma Garwa ba ta da girman da magana zata ɓata. Ka je mata da littafi, ga abin da aka saya ga abin da ya shigo ga abin da ya rage ga abin da na shirya yi. Ku kuma fayyace abu ɗaya da na lura baka ambata ba, kuɗin nan bashi ne zaka mayar ko jari ne ta saka ana raba riba? Ku rubuta da shaida, ayar da tafi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka ba rashin yarda bane. Kuma da alama ita ce zata fi kowa iya taya ka da maganar kawu in ta taso a gida.

Mai famasin kar ka jira ya sake zuwa. Ka je ka same shi kace zaka sake masa allon ba tare da ya ƙara ko sisi ba, ka faɗi ranar kuma ka cika. Ka sauke allon ka kawo shago, ka ɗan ɗumama tsohuwar ledar ta fita, ka goge ragowar gam ɗin tas, in sai an sake fenti ka bar shi ya yi aƙalla sati yana bushewa, sannan ka manna da sassafe ko bayan la'asar a cikin inuwa, da mafi kyawun kayan da ka samu ko da mita uku kawai zaka saya dominsa. Guntayen da suka rage daga wannan aikin ka manna su a kwanon gwajin nan ka rubuta kwanan wata, in an kwana biyu ka rubuto min yadda kuka yi da kawu da abin da kwanon ya nuna. Allah ya buɗa kasuwa.